Yau Ban Danna Hon Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu Lawwali ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar gida ina duba iskar tayar baya. Babban ɗansa Nasiru ne ya zo da ƙafarsa, ko hula bai tsaya sakawa ba. Ya gaishe ni, ya zauna a dakali, ya ce Baba ya cika bayan sallar asuba.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, ƙasar kabarinsa tana nan a ƙafar wandona. Na kunna waya na tarar da saƙonninku, na gode. Na kuma ga masu tambaya, ina Buhari ya shiga da safe, mutumin da kullum yake manne da Kawu amma ba a gan shi wurin wanka ba, ba a gan shi wurin haƙa ba. Ban ji haushi ba, da ni ne ma zan tambaya. Alkawari na tafi cikawa, kuma tun safe ina tseren kada waya ta riga ni.

Bari in faɗa muku yadda abin yake.

Ga wanda bai san shi ba, Kawu Lawwali ba ƙanen mahaifiyata ba ne. Kawun tashar kabu-kabu ne ta nan Illela, yaro da babba haka muke kiransa. Yana cikin mutanen farko da suka fara ɗaukar fasinja a babur a garin nan. Shi ya koya mini hawa, a filin bayan makarantar firamare, kuma shi ya ciro ni daga cikin ƙaya ranar da na manta inda birki yake.

Ni mutum ne mai gaggawa, kowa ya sani. In na wuce shi da gudu sai ya jira mu haɗu a tasha, ya ce, “Buhari, mi kaka tsere ma? Kwanni ba ta tashi, tana nan inda ka bar ta jiya.”

Bai taɓa wuce tsohuwa da kaya a ka ba. Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, kuma ba shi yake ci ba, haƙoransa sun daɗe da sallamarsa. In babur ɗinka ya mutu a hanyar Gada ko ta Gwadabawa, ka yi addu'a Kawu ne zai fara biyowa, don shi ba ya tambaya, tsayawa kawai yake yi ya ciro sifana.

Amma akwai wani aiki nasa da samarin yanzu ba su sani ba. A unguwarmu, in an yi rasuwa, shi ke kai labari ga dangin da ke nesa.

Yana da yadda yake yi. In zumunci ya kawo shi, tun daga bakin gari zai kama danna hon kamar ɗan rakiyar amarya, don kada gaban kowa ya faɗi. In kuma mutuwa ce, sai ya kashe babur tun daga nesa, ya sauka ya turo shi har ƙofar gida. Ya yi sallama, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya sha ruwan da aka ba shi, ya zauna ƙasa da mai gidan, sannan ya faɗa.

Na sani, don an yi mini.

Lokacin da mahaifina ya rasu ina Sakkwato ina aikin gini. Na hango wani mutum yana turo babur daga farkon layi, ƙura har gashin ido, na ce wannan mai ya ƙare masa. Sai da ya matso na ga Kawu ne. Ya tambayi aiki, ya tambayi masauki, ya sha ruwa a robar masu kwaɓa siminti. Sannan ya kama wuyan hannuna ya ce, “Sai haƙuri, Malam ya riga mu.” Bai saki hannun ba har na gama kukana, ya ɗora ni a bayansa muka kamo hanyar gida.

Shekarun baya ciwon yanar ido ya rufe masa gani. 'Ya'yansa suka karɓe makullin babur, suka yi daidai, don saura kaɗan ya hau kan raƙumin wani Buzu. Tun daga nan sai dai ya zo tasha da sanda ya zauna a benci, yana gane kowa da ƙarar salansarsa.

Bara, bayan an gama yankan gero, ya kira ni gefe ya ce, “Gobe ka cika tanki, zumunta za mu.”

Na yi ƙorafi, don na san gaisuwar tsofaffi, sai an tambayi lafiyar kaji. Ya yi kamar bai ji ba. Da safe na same shi ya ci ado da farar riga, ga damin gero ɗaya a gefensa ya ce in ɗaure a kariya. Ya hau baya, ya ɗora hannunsa a kafaɗata ta dama.

Mutumin da ba ya ganin fuskata, amma ya fi ni sanin hanya. Ina cikin tafiya sai in ji ya matsa kafaɗar ya ce, “Akwai yashi gaba, ka sassauta.” In duba, ga yashin.

Kalmalo muka fara zuwa. Tun kafin mu hango ruwan tafki ya ce in danna hon, in ƙara, in ƙara. Har kunya ta kama ni, mata masu wanki suna ta kallonmu.

Abokinsa na ƙuruciya yana can, Ɗan Ige masunci, yana zaune gindin bishiya yana ɗinkin taru. Yana ganinmu ya ce, “A'a, makaho ya samu jagora!” Kawu ya ce, “Kurma, ashe ka ji hon.” Suka rungume juna suna zagin wasa kamar yara. Aka soya mana kifi, suka ci gaba da musu a kan wanda ya kusa nutsewa cikinsu a wata shekara da ko uwata ba a haifa ba.

Da za mu tashi Kawu ya raɗa mini, “Kunnen hagu nai ya mutu. In za ka yi mai magana, ka zauna ta dama.” Na ce to, ban ɗauki abin komai ba.

Daga nan Lafani, gidan Inna Hajjo, matar wani amininsa Mamman da ya daɗe da rasuwa. Tana fitowa daga ɗaki tana cewa, “Na ji hon, na ce lahiya ta.” Ashe Kawu ne ya kai mata labarin rasuwar mijinta a wancan lokacin, kuma tun daga ranar ba ya shiga garin sai da hon. Ta dama mana fura mai yaji, ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi, ya yi mata faɗa a kan goron da likita ya hana ta.

Muna fita ya sake raɗa mini, “Tana da hawan jini. Ka hwara neman maƙwabciyarta, gida na biyu, ta zauna kusa da ita. Kuma kada ka hwaɗa mata tana tsaye.”

A nan na juyo na ce, “Kawu, mi za ni hwaɗa mata? Wagga wace irin magana ta?”

Ya ce in tuƙa, rana na yi.

Muka bi hanyar gonaki muka yi arewa. Akwai wani wuri tsakanin gonakin da za ka ga tulin duwatsu, in ba ka sani ba sai ka ce wani manomi ne ya share gonarsa. Ya ce in tsaya. Ya sauka ya laluba ya zauna a kan ɗaya, ya ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Ya ce a farkon zuwan Turawa, lokacin da na Ingila da na Faransa suka raba ƙasar nan, nan suka jera duwatsu suka ce iyaka ce. Kakansa Amadu ya faɗo kudu, ƙanen kakan, Nomau, ya faɗa arewa. Uwa ɗaya uba ɗaya, gona ɗaya, aka wayi gari kowa da Baturensa. Mutane suna tsoron ƙetarewa a lokacin, kada a kama mutum a tura shi aikin dole. Duk da haka, kowace kaka Amadu yakan ɗora damin gero na farko a jaki ya kai wa ƙanensa.

Wata shekara Nomau ya rasu da damina. Ba wanda ya zo ya faɗa.

Kaka ta yi, Amadu ya ɗora daminsa, ya biya ta kasuwa ya sayi gishiri. Mai gishirin ya tambaye shi ina zuwa da gero, ya ce wurin ƙanena Nomau. Mutumin yana auna gishiri, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce ai Nomau tun shuka ya mutu.

Kawu ya ce kakansa bai ƙara cin gishirin kasuwar nan ba har ya bar duniya. Kuma ya kafa doka a gidansa, mutuwar nasu mutum zai ɗauka ya kai, ya zauna, ya faɗa. Mahaifin Kawu ya kai a ƙasa, daga baya a keke. Kawu ya kai a babur.

Ya ce, “Yanzu kowa na da mai gishiri cikin aljihu nai. Ni na kai ta mutane da yawa, Buhari. Tawa ba ni son mutanen ga ukku su ji ta ga waya. Ka ga biyu, yanzu za ka ga na ukku. Ka yi man alkawali.”

Na ce ya bar wannan magana, sai ya binne mu duka. Ya ce ba zai tashi daga kan dutsen ba. Kun san shi, da gaske yake. Na yi alkawarin.

Na ukun shi ne Baba Issufu, jikan Nomau, a wani ƙauye ƙarami a ƙetaren iyaka, gabas da Kwanni. Kuna ganinsu kun ga jini ɗaya, hanci iri ɗaya, dariya iri ɗaya. Na sauke damin gero, irin wanda gidan Amadu bai taɓa fasa kaiwa ba. A gabana Kawu ya kama hannuna ya saka a nasa ya ce, “Issuhu, ga mai zo maka. Ka dubi huskatai da kyau.” Baba Issufu ya yi dariya ya ce, “Na girme ka, Lawwali, kai za a zo ma da tawa.”

Muka dawo da yamma ina danna hon har cikin Illela, yana bayana yana dariya. Wallahi ranar na ji daɗi, duk da ƙorafin da na yi.

Ganina da shi na ƙarshe a makon nan ne, a tasha. Na shigo zan faka, ya miƙa hannu ya shafa tayar baya ya ce, “Wagga ta ci, ka sake ta. Damina ta, hanyar gona ba ta son sanƙo.” Na ce sai ranar kasuwa. Ya ce yau. Na sake ta ranar don kawai ya bar ni in huta. Ya ba ni dabino biyu, ya ce ɗaya na uwargida.

Ita ce tayar da nake dubawa da Nasiru ya zo.

Nasiru ya san da alkawarin, mahaifinsa ya faɗa masa. Ya ce sun saka jana'iza bayan azahar don in samu in je in dawo. Amma ya ce wani daga masallaci ya riga ya saka hoton Baba a gurup ɗin unguwa, kuma kun san yadda abin yake tafiya. Ban shiga na ga gawar ba. Na so in shiga, Allah ya sani, amma na san in na ga fuskar nan ba zan iya tuƙi ba. Na kashe waya na buga kik.

Hanya ɗaya ce da ta bara, sai dai yanzu gero ya yi tsayi ya rufe gefe da gefe, kuma bayana ba kowa. Babur ya yi mini sauƙi har ina jin kamar zai kubce.

A Kalmalo na kashe inji tun kafin bakin ruwa. Ban taɓa sanin babur yana da nauyi haka ba sai da na tura shi a yashi ina danne kuka.

Ɗan Ige yana wurinsa. Ya ɗago ya gan ni ina turowa, ya duba bayana, ya ajiye tarun. Shi da kansa ya miƙo mini ruwa. Na zagaya na zauna ta damansa, na faɗa. Ya juya ya kalli tafki. Sai ya ce, “To, wa za ya ce man kurma yanzu?” Ya kira ɗansa ya ce a nemo mota a kai shi Illela.

A Lafani na fara da gida na biyu, kamar yadda aka koya mini. Muka shiga da maƙwabciyar, ta zaunar da Inna Hajjo a tabarma. Tun ina gaisuwa tsohuwar ta ce, “Ɗana, ban ji hon ba.” Na sha ruwan, na faɗa mata. Ta rufe fuska da mayafi, muka bar ta ta yi kukanta. Da ta buɗe ta ce, “Shi ya kawo man ta Mamman, ga shi ya aiko man da tashi. Allah shi yi mai yadda ya yi muna.”

Saura ɗaya, kuma rana ta ɗaga.

Wannan ne ya fi tsorata ni, don gidan Baba Issufu cike yake da jikoki, kuma kowa da wayarsa, wasu ma suna kasuwanci a nan Illela. Na wuce tulin duwatsun ban tsaya ba. Kawu ya yafe mini, na yi gudun da ya hana ni, laka tana tashi har wuyana.

Na kashe inji a bakin ƙauyen na fara turawa. Ban kai ƙofar gidan ba na ji kukan mata a ciki, ƙasa-ƙasa.

Na ce shi ke nan, waya ta riga ni, abu ɗaya da mutumin nan ya taɓa roƙona na kasa. Na tsaya riƙe da kan babur, ban san in ƙarasa ba ko in juya.

Sai wani magidanci ya fito, cikin jikokin ne, ya tare ni ya ce a hankali, “Tun da swahe munka gani ga waya. Mun tahi mu hwaɗa ma tsoho, ya ɗaga hannu ya ce kowa shi riƙe bakinai, akwai mai zuwa. Tun sannan shina nan zaune.”

Na leƙa. Baba Issufu yana ƙofar zaure a kan tabarma, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sa hula, takalmansa a gefe an jera. Kusa da shi ga kwanon ruwa an rufe da faifai.

Ya sani sarai. Kukan gidansa yana ji. Amma bai yarda kowa ya furta ba, shi ma bai furta ba.

Na jingine babur na yi sallama. Ya amsa. Na tambayi kwana, na tambayi iyali, na tambayi damina, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya tambayi nawa. Ya buɗe faifan ya miƙo mini ruwan na sha. Na sauka daga tabarmar na zauna a ƙasa, na kama wuyan hannunsa kamar yadda aka taɓa kama nawa.

Sai maganar ta ƙi fita.

Ya ɗora ɗaya hannun a kan nawa ya ce, “Hwaɗi, ɗana. Aikinka na.”

Na ce, “Baba, sai haƙuri. Kawu Lawwali ya riga mu.”

A lokacin ne ya yi salati, hawaye suka zubo cikin gemunsa. Ban saki hannun ba. Da ya gama ya share fuska da bakin riga ya sa takalmi ya ce, “Tada babur. Wancan karon gidanmu na anka kasa aikawa, Amadu bai ga kabarin ƙanenai da ɗanyar ƙasa ba. Ni za ni ga na nawa.”

Jikokin suka ce ya jira mota, ya ce a'a. Muka taimaka masa ya hau.

Muna tafiya na ji hannu ya sauka a kafaɗata ta dama, daidai wurin. Na daure. Mun wuce duwatsun kaɗan sai ya matsa kafaɗar ya ce, “Akwai yashi gaba, ka sassauta.”

Nan na kasa. Na tsaya a tsakiyar gonar mutane na kifa kai a kan babur na yi kukan da ban samu yi ba tun safe. Tsohon ya bar hannunsa a wurin har na ɗago.

Mun iso ana daidaita sahu. Baba Issufu ya tsaya a sahun gaba, Ɗan Ige a gefensa, suka sallaci ɗan uwansu. Ni ma na samu na kama makara.

Da muke dawowa daga maƙabarta Nasiru ya jawo ni gefe. Ya ce shi bai taɓa zuwa ƙauyen nan ba, ko hanyar bai sani ba. Ya ce in an yanke gero bana, in zo in ɗauke shi da damin farko. Na ce masa ya shirya kunnensa, don tun daga bakin gari zan fara danna hon.

Kawu, na kai. Duka ukun daga bakina suka ji.

Ya Allah, bawanka Lawwali ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa kamar yadda ya sanyaya wa mutane a ranakunsu masu zafi. Ka sa mala'ikun rahama su tare shi da sallama da tausasawa. Ka ba Nasiru da ƙannensa da mahaifiyarsu haƙuri, ka ba tsofaffin nan uku haƙuri, ni ma ka ba ni.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Wanda kuma ya taɓa hawa bayansa, ko ya taɓa cin dabinon aljihunsa, ya sa shi cikin sujadarsa ta yau.

Allah ya jiƙan Kawu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.